Kafin a Danna Umarnin Gogewa a Rumbun Bayanan Kamfani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mu ja hankalin masu kamfanoni da manajojinsu kan wani abu da ba a zancensa sai ɓarna ta auku.

Yau da wuya ka sami ƙaramin banki, asibitin kuɗi, makaranta mai zaman kanta, gidan mai ko babban dilan kayan masarufi da ba ya ajiye sunayen abokan ciniki, bashi da lissafin kaya a rumbun bayanai na kwamfuta. Bayanai kuwa ba sa zama da tsabta. An shigar da mutum ɗaya sau uku, lambar waya ta shiga babu sifili, rasit ɗin gwaji ya cakuɗe da na gaske, farashin katan ya faɗa gurbin farashin ƙwaya. Idan ma'aikaci ya gaji da binsu ɗai-ɗai, sai ya rubuta ɗan gajeren umarni da yaren kwamfuta irin su SQL ko Python, abin da 'yan sana'a ke kira sikirif, ya gyara dubbai a ƙiftawar ido. Yanzu ma ba sai ya iya ba, manhajar ƙirƙirarriyar basira za ta rubuta masa, ya kwafa ya liƙa.

Ba mu zo da cewa a hana ba. Akanta ya fi mai kula da kwamfuta sanin rasit ɗin da ba na gaske ba, mai sito kuma ya fi kowa sanin kayan da aka daina sayarwa. Duk inda aka hana, gyaran ba ya tsayawa, ɓoye yake komawa, a riƙa yin sa a Excel a kwamfutar wani. Maganarmu ita ce, duk sikirif ɗin da zai taɓa rumbun kamfani ya zama kayan kamfani tun daga ranar da aka rubuta shi: a san inda yake, a san wanda ya duba shi, a san mabuɗin da yake shiga da shi, kuma a san hanyar dawowa kafin a kunna. Haɗarin ba a sikirif ɗin da ya ƙi tashi yake ba, wannan ai kowa zai gani. Wanda ya tashi lafiya lau, ya aikata abin da aka faɗa masa daidai, alhali ba shi ake nufi ba, shi ne mai kassara kamfani.

Dubi abin da ya sami Atlassian, kamfanin Ostireliya mai manhajojin Jira da Confluence, ranar 5 ga Afrilu, 2022. Suna son cire wata tsohuwar manhaja daga shafukan abokan cinikinsu. Wani sashe ya nemi a yi aikin, wani sashe ya kunna sikirif. Sai masu nema suka miƙa lambobin shafukan abokan cinikin ɗungurungum a madadin lambobin manhajar da za a cire. Hanyar gogewar tana karɓar kowace irin lamba, ba ta tambaya, ba ta gargaɗi. Cikin ƙasa da rabin awa shafuka 883 na abokan ciniki 775 suka tafi. Kwafin ajiya yana nan, amma wasu sai da suka yi kusan mako biyu kafin a dawo musu da kayansu, domin ba a tanadi hanyar mayar da bayanan ɗaruruwan abokan ciniki lokaci guda cikin rumbun da sauran jama'a ke ci gaba da aiki a kai ba. Abin lura, an duba rubutun sikirif ɗin, har an gwada shi. Jerin lambobin da aka ba shi ne ba wanda ya bincika. Saboda haka duk sikirif ɗin da ke karɓar jerin lambobi ya kamata ya fara juya su zuwa abin da mutum zai iya karantawa, ya nuna suna, reshe da ragowar kuɗi na aƙalla ashirin na farko, sannan ya jira a ce masa ci gaba. Mutum ba ya gane kuskure a 40718, amma yana ganin sunan babban kwastomansa zai tsaya.

Mu kuma a nan muna da namu tarkon, wanda sikirif ɗin da aka kwaso daga intanet bai san da shi ba. Na farko shi ne haruffa masu lanƙwasa. Umarnin tsaftace suna da ya fi yawo shi ne wanda ke cewa a bar haruffan A zuwa Z kawai, a zubar da duk sauran. A rumbun da aka rubuta Hausa daidai, Ɗanjuma zai koma anjuma, Ƙofar Mata ta koma ofar Mata, Ɓaɓura kuwa sai aura. Wani lokaci ba sikirif ɗin ne ya cire ba, teburin da aka kwafe bayanan cikinsa ne aka gina da tsarin haruffa na latin1, wanda bai san ƙ, ɗ da ɓ ba, sai ya maye su da alamar tambaya. Wannan ba ya gyaruwa daga baya, domin alamar tambaya ba ta tuna harafin da ta maye. A MySQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, a tabbata tebur da hanyar haɗawa da rumbun duk suna kan utf8mb4, tsarin haruffan da ya san su. Idan ana son sauƙin bincike, a buɗe gurbi na biyu da ke ɗauke da sunan babu lanƙwasa, a bar na asali yadda yake.

Alhamza ma haka. Sa'adatu, Mu'azu, Ya'u, Rabi'u, duk suna ɗauke da alamar da SQL ke rufe kalma da ita. Sikirif ɗin da ke harhaɗa umarni ta hanyar liƙa suna kai-tsaye cikin rubutu zai tsinke a kan Mu'azun farko da ya gamu da shi, bayan ya riga ya gyara layuka dubu uku ya bar dubu bakwai. Maganinsa a miƙa wa rumbun sunan daban da umarnin, kamar yadda kowane yaren shirya manhaja ya tanada. Sannan alamar da ke fitowa daga allon kwamfuta daban take da wadda Word ko wayar hannu ke sakawa mai ɗan karkata, ido yana ganin suna ɗaya, rumbu yana ganin biyu.

Sai lambobi. Lambar wayar Najeriya tana zuwa da fuska uku: mai sifili a gaba mai lamba 11, mai farawa da 234, da mai +234. Sikirif ɗin da ya ce duk abin da bai kai lamba 11 ba shara ne zai share kwastomomin Maraɗi da Damagaram, domin lambar Nijar 8 ce bayan +227. Babbar ɓarna kuwa tana faruwa ne a hanya, lokacin da aka fitar da bayanai zuwa Excel don gyara sannan a mayar. Excel na ɗaukar lambar waya da lambar asusun banki mai lamba 10 a matsayin adadi, sai ya yar da sifilin gaba: 0012345678 ya koma 12345678. Ba ya kuma riƙe fiye da lamba 15 daidai, ta 16 sifili take komawa. Kwanan wata ma yana iya juyewa, 03/04 ya tashi daga 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris idan kwamfutar na kan tsarin Amurka, kuma ranakun da suka haura 12 ne kaɗai za su tsira, abin da ke sa ba a lura da wuri. Lambar waya, ta asusu, BVN da NIN duk rubutu ne, a ajiye su a gurbin rubutu.

Aikin da ya fi kowanne haɗari shi ne haɗe sunayen da ake zaton maimaici ne. Muhammad, Mohammed, Muhammadu da Mamman na iya zama mutum ɗaya. Amma Musa Ibrahim guda goma sha biyu a reshe ɗaya na iya zama mutum goma sha biyu. Ranar haihuwa ba ta raba gardama, domin jama'a da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu. Lambar waya ma haka, gida guda na iya yin rajista da wayar maigida, ƙauye guda da wayar mai shago. Sikirif ɗin da ya ce suna ɗaya da waya ɗaya mutum ɗaya ne zai ɗora bashin ɗa a kan uba, ko a asibiti ya zuba tarihin jinyar wata cikin katin wata, wanda ya fi asarar kuɗi muni. Ƙa'idar da ta dace: kwamfuta ta haɗe da kanta kawai inda lambar shaida mai ƙarfi ta zo ɗaya, kamar NIN ko BVN. Duk sauran ta jera su a takarda, wanda ya san mutanen ya bi ya sa hannu. In an zo haɗewar kuma, ba gogewa ake fara yi ba. A zaɓi katin da zai rayu, a mayar da duk rasit, biya da bashi na ɗayan zuwa gare shi, a rubuta a wani tebur daban cewa tsohuwar lamba kaza ta koma sabuwa kaza, a gwada jimillar bashi kafin da bayan aiki ta zo daidai har kwabo, sannan a rufe tsohon katin. Ba tare da wannan tebur ba, ranar da aka gano mutum biyu ne ba yadda za a raba su.

Kurakuran SQL ɗin kansa sanannu ne, amma har gobe su ke cin mutane. A SQL Server Management Studio, manhajar da ake ba rumbun SQL Server umarni da ita, idan ka haskaka wani ɓangare na rubutu ka danna kunnawa, abin da ka haskaka kaɗai yake tafiya. DELETE (umarnin gogewa) na layin sama, WHERE (sharaɗin da ke faɗin abin da za a goge) na layin ƙasa, hannu ya tsaya a na sama, tebur ya tafi gaba ɗaya. MySQL Workbench na zuwa da wata kariya da ke ƙin UPDATE (umarnin canjawa) ko DELETE ɗin da bai ambaci mabuɗin tebur ba, wato gurbin da ake gane kowane layi da shi, tana nuna kuskure mai lamba 1175, kuma abin takaici, abin da mutane ke fara nema a intanet shi ne yadda za su kashe ta. A bar ta a kunne. Akwai kuma cakuɗa AND ("da") da OR ("ko") babu baka-biyu. Wanda ya rubuta reshen Kano AND rufaffen asusu OR dakataccen asusu yana zaton ya tsaya a Kano. Rumbun kuwa yana fara haɗa AND, don haka zai kwashe rufaffun Kano tare da dakatattun kowane reshe na kamfanin.

Wani kuskuren ya fi wannan ɓoyewa. Sikirif ya ce a goge duk kwastoman da ba shi da ko rasit ɗaya. Ya yi shekara yana aiki lafiya. Wata rana wuta ta ɗauke ko intanet ta tsinke ana tsakiyar loda teburin rasit na dare, teburin ya kwana babu komai. Da asuba sikirif ya duba, ya ga kowa ba shi da rasit, ya goge kowa. Bai yi kuskure ba ko kaɗan. Gurbin da aka bari babu komai, wato NULL, shi ma yana da halinsa: idan ya shiga jerin da aka ba NOT IN, mai nemo abin da ba ya cikin jeri, umarnin ba zai sami ko layi ɗaya ba, mai shi ya ɗauka rumbun tsaf yake. Sannan a duba ko an ɗaure tebura da ON DELETE CASCADE, domin a nan goge kwastoma ɗaya na jan duk rasit da biyansa su bi shi, kuma adadin da allo zai nuna na teburin farko ne kawai.

Da yawa suna zaton akwai maɓallin janyewa kamar a Word. Babu, sai in ka tanada. MySQL, PostgreSQL da SQL Server duk suna tabbatar da kowane umarni nan take muddin ba ka fara da BEGIN ko makamancinsa ba, umarnin da ke riƙe canji har sai ka tabbatar. In ka fara da shi, za ka iya duba sakamako, ka ce ROLLBACK komai ya koma, ko COMMIT ya zauna. Amma nan ma rumbuna sun bambanta. TRUNCATE, mai wofintar da tebur baki ɗaya, ana iya janye shi a PostgreSQL da SQL Server idan yana cikin BEGIN, a MySQL da Oracle kuwa ba ya janyuwa, har ma yana tabbatar da duk abin da ka yi kafinsa. Tsofaffin teburan MySQL da ke kan tsarin ajiya na MyISAM ba su san ROLLBACK ba sam. Kuma kada a buɗe BEGIN a tafi sallar azahar, layukan da aka taɓa na kulle, masu karɓar kuɗi na can sun tsaya cak.

To mene ne tsarin? Farko dai sikirif ya bar kwamfutar mutum, da filashi, da WhatsApp, ya koma wuri ɗaya da ke riƙe tarihin kowane canji. Git, manhajar da ke yin wannan aiki, kyauta ne, kuma akanta zai koyi abin da yake buƙata a cikinsa a yini ɗaya. Fayil mai suna gyara_final2_sabo alama ce ta cewa ba wanda ya san wanne aka kunna. A saman kowane sikirif a rubuta da harshen da manaja zai gane: me yake gyarawa, wa ya nema, wa ya rubuta, waɗanne tebura yake taɓawa, layuka nawa ake sa ran zai taɓa, sau ɗaya ne ko na kullum, da yadda za a janye. Sunan rumbun da zai shiga shi ma a rubuta, sikirif ɗin ya duba da kansa ya tsaya idan ya ga ba nan ba ne. Ƙaramar dabara amma mai amfani: a ba tagar rumbun gaske jan launi, ta gwaji kore.

Wanda ya rubuta ba shi ne zai amince ba, ko da kuwa shi ne ya fi kowa iyawa a gidan. Duba iri biyu ake so, kuma ba lallai mutum ɗaya ya iya duka ba: mai sashen ya tabbatar ƙa'idar daidai ce a kasuwance, mai kula da rumbu ya tabbatar umarnin na yin abin da ƙa'idar ta ce. Kafin DELETE ko UPDATE, a fara kunna SELECT, umarnin da ke nuna layuka kawai ba ya taɓa su, da wannan WHERE ɗin dai, ba wanda aka sake bugawa ba, a ga adadi, a karanta layuka da ido. Sannan a dasa adadin cikin sikirif ɗin: idan ana sa ran layuka 340, a ce in sun haura 400 ya janye komai ya tsaya. Ga na kullum kuma a sa masa iyaka, misali kada ya taɓa fiye da kashi 1 cikin 100 na tebur a tashi ɗaya sai mutum ya amince. Wannan layuka uku na rubutu su ne da za su ceci mai teburin rasit ɗin da ya kwana babu komai. Ya kamata kuma sikirif ya zama in an kunna shi sau biyu ba ya ƙara ɓarna. Wanda ke ɗora 234 a gaban lamba ba tare da ya duba ko akwai ba, idan wuta ta ɗauke aka sake kunnawa, zai bar ka da 234234.

A gwada a kwafin rumbu na kwanan nan. Kwafin bara ba shi da irin dattin bana.

Ranar aiki, sikirif ya fara kwafe layukan da zai taɓa, yadda suke, zuwa wani tebur na gefe mai ɗauke da kwanan wata da lambar aikin. Wannan ya fi kwafin ajiya na dare saurin amfani, domin dawo da layi 340 daga nan aikin minti biyar ne. Inda zai yiwu ma kada a goge, a sa wa layin alamar an janye shi, ya daina fitowa a allo, sai bayan kwana 30 ko 90 ba wanda ya yi ƙorafi a goge na dindindin. Idan layukan da yawa ne, a yi kashi-kashi. SQL Server idan umarni ɗaya ya riƙe makullai kusan 5,000 a tebur yana iya kulle teburin gaba ɗaya, shi ya sa kashi na layuka 1,000 zuwa 2,000 da ɗan hutu a tsakani ya fi kwanciyar hankali. Goge miliyan a tashi ɗaya yana kumbura kundin canje-canje na rumbun har faifai ya cika, wato wanda ya zo neman wuri ya ƙare da tsayar da kamfani. Kuma gogewa ba ta rage girman fayil nan take, a PostgreSQL sai umarnin shara na VACUUM ya bi kafin wurin ya sake amfanuwa. Kada a yi ranar rufe lissafin wata, kada a yi da yammacin Juma'a. A kuma duba agogon saba, wato kwamfutar da rumbun ke zaune a kai: idan yana kan UTC, agogon GMT, awa ɗaya yake bayan namu, cinikin sha biyu da rabi na dare zai faɗa ranar jiya.

Batun mabuɗi shi ne inda kamfanoni suka fi sakaci. Sau da yawa asusun shiga ɗaya ne mai cikakken iko, mai suna root ko sa ko postgres, kowa ya san kalmar sirrinsa, tana ma rubuce ƙuru-ƙuru a cikin sikirif ɗin da ake turawa juna. Tamkar a ba kowane yaron shago mabuɗin sito da na durowar kuɗi ne, a ce ai shara kawai zai yi. Kowane ma'aikaci ya sami asusunsa da sunansa, na karatu kaɗai. Gyara ya bi ta wani asusu daban da aka ba izini a kan teburan da aikin ya shafa kawai, babu DROP mai cire tebur ɗungurungum, babu TRUNCATE, a buɗe shi don aikin a rufe bayansa. Gyaran da ake maimaitawa, kamar haɗe kati biyu, gara mai kula da rumbu ya adana shi a cikin rumbun a matsayin umarni tsayayye: ma'aikaci ya ba shi lambobi biyu, shi ya yi bincikensa, ya rubuta wa ya kira shi da ƙarfe nawa. Da haka mai sashen na yin aikinsa ba tare da ya riƙe ikon taɓa tebur kai-tsaye ba. Wannan kariya ce ga ma'aikacin kirki ma, domin inda kowa ke shiga da asusu ɗaya, ranar da bashin wani ya ɓace kowa abin zargi ne.

Kwafin ajiyar da ba a taɓa dawo da shi an gani ba, ba a san ko yana aiki ba. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan GitLab, kamfanin ajiye rubutun manhajoji, ya goge bayanan babban rumbunsu na PostgreSQL, kusan gigabait 300, yana zaton a kan na biyu yake. Da suka je ga kwafin da ake ɗauka kullum sai suka tarar babu komai: manhajar ɗaukar kwafin tsohuwa ce, ba ta dace da rumbun ba, ta daɗe tana faɗuwa, saƙonnin gargaɗinta kuma ba sa isowa. Wani kwafi da aka ɗauka don gwaji awa shida kafin nan ne ya cece su, abin da aka shigar cikin awannin shida kuwa ya tafi. Duk wata a ɗauki kwafi a tayar da shi a wata kwamfuta, a ƙidaya layuka, a rubuta tsawon lokacin da ya ci. A kunna kundin canje-canje, wato binlog a MySQL, ko adana WAL a PostgreSQL, domin a iya komawa daidai mintin da ya gabaci ɓarna. Idan ta auku kuma, kada a zuba kwafin jiya a kan rumbun da ke aiki, za a shafe cinikin yau. A tayar da shi a gefe, a tsamo layukan da suka ɓace kaɗai.

Sikirif ɗin da aka sa ya riƙa tashi da kansa kowane dare ya fi buƙatar ido, domin yakan daɗe fiye da wanda ya rubuta shi. Mutum ya bar aiki, an canja tsarin tebur, ma'anar lambar matsayi 4 ta tashi daga rufaffe ta koma mai jiran amincewa, shi kuwa yana nan yana goge 4. Duk wata uku a zauna a jera abin da ke cikin manhajojin da ke tayar da sikirif a kan lokaci, wato cron ko SQL Server Agent ko Task Scheduler, wanda ba a sami mai shi ba a dakatar da shi. Kowane tashi ya bar rahoton layuka nawa ya taɓa, kuma shirunsa ma ya zama abin tambaya. Kada a gyara fayil ɗinsa yana cikin gudu. A Disamban 2021 Jami'ar Kyoto ta Japan ta yi asarar kusan terabait 77 na bayanan bincike ta haka: an sabunta sikirif ɗin da ke share tsofaffin fayilolin rahoto alhali yana aiki, ya ci gaba da karanta sabon rubutu daga tsakiya, sunan wurin da zai share ya zo babu komai, ya afka wa fayilolin masu bincike.

Masu amfani da manhajojin lissafi irin su Odoo, Sage ko SAP su ƙara kula. Manhajar ce ke daidaita rasit da sito da littafin lissafi, kuma ita ke rubuta wanda ya canja me. Shiga ta bayanta da SQL na tsallake duk wannan, rasit ya ɓace amma kuɗinsa na nan a littafi. Rasit ɗin da aka riga aka shigar a lissafi ba a goge shi, takardar soke shi ake yankewa. Doka ma na da ta cewa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a adana takardun lissafi shekara shida, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 kuma ta ɗora wa cibiyoyin kuɗi aƙalla shekara biyar. Dokar kare bayanai ta 2023 ta lissafa lalata ko canja bayanan mutum bisa kuskure cikin keta bayanai, kuma inda hakan zai iya cutar da masu su, awa 72 ake da su a sanar da hukumar kare bayanai ta Najeriya, NDPC. Wannan ya shafi kwafin gwaji da teburan gefe da muka ambata: suna ɗauke da sunaye da lambobin mutane, don haka ba a kwashe su a kwamfutar da ake tafiya da ita gida, kuma a sa musu ranar da su ma za a share su.

Idan aka ga sikirif ɗaya ana kunna shi duk mako don gyara abu ɗaya, a koma inda dattin ke shigowa. Gurbin waya ya ƙi karɓar lambar da ba ta cika ba, rumbun ya ƙi NIN ɗin da yake da shi, a riƙa zaɓar jiha da ƙaramar hukuma daga jeri maimakon bugawa da hannu, allon rajista ya nuna wa ma'aikaci sunaye masu kama kafin ya buɗe sabon kati. Wani lokaci kuma matsalar ba ta kwamfuta ba ce: inda ake biyan ma'aikaci lada a kan yawan sabbin kwastomomin da ya shigar, maimaici ba zai ƙare ba sai an sauya yadda ake ƙirga ladan.

Mun gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu ma'aikatan kula da rumbunan bayanai,
Kano.